Akwatin Kukar Bawa

Shekaran jiya ina zaune a rumfar shugaban tasha a nan Gumel aka kawo takardar sunayen direbobin da za su ɗauki kayan zaɓe. Samarin tasha suka yi caa a kanta kamar an watsa wa kaji tsaba. Na ji wani cikinsu yana cewa ai wannan aikin banza ne, a kai akwati da safe, a dawo da shi da yamma, tsakanin nan mutum ya samu inuwa ya miƙe ƙafa. Na ci gaba da taunar gorona. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin yadda na yi wannan sana'a, da yadda akwati ɗaya na roba, wanda bai kai nauyin buhun gyaɗa ba, ya fi ƙarfina.

Sunana Haruna. A tasha Baba Haruna Mai A-kori-kura ake ce mini, ko da yake motar ta daɗe da komawa hannun 'yan gwangwan. Shekara talatin da 'yan kai na yi riƙe da sitiyari tsakanin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma fiye da rabin tafiyar ba a kan kwalta na yi ta ba.

A hannun Alhaji Ɗan'azumi na koyi tuƙi. Yana da wata babbar mota, irin wadda mutanen tsallaken iyaka ke ce wa kamiyo, yana jigilar hatsi da ita. Ranar da na fara bin sa na zaci giya da birki zai nuna mini. Sai ya miƙo mini shebur. A ranar kuwa muka ɗauko gero daga wajen Ɗanzomo, muka kafe a wani tudun rairayi. Ya sauka, ya zagaya motar sau ɗaya, ya samu gindin aduwa ya zauna, ya ce in tona. Na tona tun hantsi har azahar, hannuna ya yi kanta. Da muka fita ya dube ni ya ce, "Haruna, da gangan na kafe. Wanda bai san wahalar tono ba, ba ya jin tsoron rairayi. Wanda ba ya jin tsoronsa kuwa ba zan ba shi motata ba."

Shekara huɗu na yi kafin ya bar ni na ja ta da kaya. Ya koya mini duban ƙasa. Rairayin safe daban, yana da ɗan ƙarfi saboda sanyin dare. Na bayan azahar kuwa ya saki jiki, taya na hawa sai ta nutse. Inda amalanke ya bi ya bar sawu mai zurfi, ka kauce. Kafin ka shiga, ka sauka ka rage iskar tayoyin motar har sai sun ɗan baje, ka zaɓi giyarka tun daga bakin hanya. In ka shiga kuma shi ke nan: ba canjin giya, ba taka birki, ba tsayawa. Yakan ce, "Ko surukinka ka gani tsaye a tsakiyar rairayi, ɗaga masa hannu ka wuce. In ka fita sai ka dawo da ƙafa ka durƙusa ka ba shi haƙuri." Sannan da zarar ka iso bakin burji, wato hanyar jan tsakuwa mai tauri, dole ka tsaya ka mayar da iskar da ka rage, in ba haka ba ƙarfen taya ya yanka maka roba kafin ka yi nisa.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma ba na ado ba ne. Shebur, katako biyu masu kauri na sakawa ƙarƙashin taya, jak, famfon iska na ƙafa, igiya, tampol, da jarkar ruwan lagireto. Ku da kuke tashi yanzu da waya a hannu tana gaya muku dama da hagu, ku je ku tambaye ta inda rairayi ya saki jiki tsakanin Sule Tankarkar da bakin iyaka, ku ji abin da za ta ce muku.

Da na samu tawa motar, wata tsohuwar a-kori-kura fara, ba abin da ban ɗauka ba. Ranar Alhamis awaki da tumaki zuwa kasuwar Maigatari. Da kaka buhunan riɗi da zoɓo daga Gagarawa. Na ɗauki kayan ɗakin amare, na ɗauki mata masu naƙuda, na ɗauki gawa daga asibiti zuwa ƙauye, dangi na zaune kewaye da ita. Kowane mai kaya da halinsa. Mai dabbobi so yake ka yi sauri kada su galabaita, mai tukwane so yake ka bi a hankali, yana salati a kowane rami. Amma duk bukatarsu ɗaya ce, kaya su isa lafiya. Ba wanda ya taɓa tambayata ta ina na bi. In na yanke ta burtali na riga kowa isa, yabo nake sha, har ana cewa Haruna ya san hanyar da ko makiyaya ba su sani ba. Kuma gaskiya ina jin daɗin wannan yabo fiye da kima.

Aikin zaɓe na fara shi ne tun lokacin da malaman makaranta ke riƙe rumfunan zaɓe. Da sassafe ake taruwa a harabar ƙaramar hukuma, a ba kowane direba ƙauyensa da ma'aikatansa. Akwai ƙa'idojin da ake gaya mana. Ka kankare duk hoton ɗan takarar da yara suka manna maka a jikin mota. Kada ka ɗauki fasinja ko da ɗan uwanka ne. Akwati a ɗaure shi a tsakiyar baya inda kowa zai gani. Na kiyaye waɗannan duka, zaɓe biyu na yi ba wanda ya yi kuka da ni. Sai na ɗauka na gama sanin aikin.

Na ukun zaɓen shugaban ƙaramar hukuma ne da kansiloli, a ƙarshen bazara, zafi kamar ya dafa mutum. Aka ba ni Kukar Bawa, wani ƙauye can cikin ƙasar Sule Tankarkar, kusa da iyaka. Ni aka zaɓa saboda hanyar, don rairayin wajen ba kowa ke shigarsa ya fita ba. Aka haɗa ni da Malam Habu, malamin firamare, shi ne mai kula da rumfar, da mataimakansa biyu da ɗan sanda ɗaya.

Abin da ban sani ba sai da muka isa shi ne, wannan ne karo na farko da aka ba Kukar Bawa akwatin kansu. A da sai sun taka zuwa wani gari mai nisa, don haka tsofaffi da yawancin mata ba su taɓa jefa ƙuri'a ba. Mun tarar an share gindin kukar da garin ya ci sunanta, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi, an fito da tebur daga gidan mai unguwa. Layin maza daban, na mata daban, kowanne ya miƙe har bakin rijiya. Wajen hantsi aka kawo wani tsoho a kan amalanke, Baba Tanko, ƙanen mahaifin mai unguwa, wanda ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Mutum biyu suka tallafe shi har gaban akwati. Ya dangwala, ya ninke takardar da kansa, ya hana kowa ya taya shi sakawa. Da zai koma ya hango ni jingine da mota, ya ce, "Kai ne direban?"

Na durƙusa na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Madalla. Allah ya yi maka albarka da ka kawo mana shi har gida."

Wakilan jam'iyyu biyu ne a rumfar, Isiyaku da Ɗanlami. Jam'iyyarsu daban, amma danga ɗaya ce ta raba gidajensu, kuma babur ɗaya gare su a ranar, na Isiyaku, don na Ɗanlami ya lalace. Wuni suka yi suna tsokanar juna suna cin gyaɗa a kwano ɗaya.

Bayan la'asar, mutum na ƙarshe ya jefa tasa ke nan, sai hadari ya taso daga gabas, na farko a shekarar. Iska ta kifar da tebur, takardu suka tashi, Malam Habu ya kwanta a kansu da cikinsa. A ƙa'ida nan take ake zazzage akwati a ƙirga a gaban mutanen gari. Amma garin ba ɗaki mai kwano da zai ɗauki jama'a, ruwa kuma ya fara sauka. Sai aka yi shawara a tsaye, da mai unguwa da wakilan biyu, cewa a rufe akwatin a kai makarantar da ake tattara sakamakon mazaɓa, a ƙirga a can a gaban wakilai. Malam Habu ya ɗaure bakinsa da wata 'yar igiyar roba mai lamba, wadda ba ta kwancewa sai an yanke. Wakilan suka rubuta lambar. Ni kuma na rufe shi da tampol saboda ruwa.

Isiyaku ya tayar da babur, Ɗanlami ya hau bayansa. Isiyaku ya matso tagata ya ce, "Malam Haruna, a hankali don Allah. Muna bayanka. Kada ka ɓace mana."

Na ce, "Ina zan je in bar ku?"

Daga Kukar Bawa in ka yi tafiya kaɗan akwai mararraba. Hanyar ƙasa ta bi ta fadama, ita muka biyo da safe. Hanyar sama kuma burtali ne da ya hau jigawa ya zagaya, ya fi nisa. Tun kafin mu iso na lura ruwan ya fi ƙarfi ta wajen fadamar, kuma na san ƙasarta, laka ce, in ta sha ruwa mota ta shiga sai an kawo shanu. Ga shi mararrabar a tsakiyar rairayi mafi zurfi take. Ruwan farko kuwa mayaudari ne, samansa kawai yake jiƙawa, ƙasa garin rairayi na nan yadda yake. Na duba madubi, ruwa ya rufe shi, na dai hango duhun babur can nesa. Ban yi wani dogon tunani ba. Ƙafata ba ta san ɗagawa a irin wannan wuri ba. Na danna ham sau biyu, na karya sitiyari na hau burtali.

Malam Habu ya ce, "Malam Haruna, ba nan muka bi da safe ba."

Na ce, "Malam, ka ji da takarda, ka bar ni da hanya."

Na ɗauka za su ga sawuna su biyo. Ashe kansu a sunkuye yake saboda ruwa na dukan fuska, ba su ji ham ba, ba su ga na juya ba. Suka miƙe hanyar fadama. Babur kuwa yana iya raɓawa ta gefen gonaki ya wuce inda mota ba za ta iya ba.

Inda burtalin nan ya faɗa burji akwai wani gawo da rijiya kusa da shi. Duk direban da ke bin hanyar nan a wurin yake tsayawa ya mayar da iska, tun zamanin maigidana. Ni ma nan na tsaya, kamar yadda na tsaya sau ɗari kafin ranar. Ban ko tuna ba cewa katangar da ke bayan gawon ta gidan gonar ɗaya daga cikin masu takarar shugabancin ƙaramar hukumar ce, wanda Ɗanlami ke wa wakilci. A wurina ba gidan kowa ba ne, wurin bugun iska ne.

Ruwa ya ɗauke. Na fito da famfo na bi tayoyi huɗu ɗaya bayan ɗaya. Mai gadin gidan gonar, wanda muka saba gaisawa, ya ga lagireto na tururi, ya kawo mini ruwa a bokiti har jikin mota. Sannan na ga ruwa ya taru a kan tampol, na kwance shi na kakkaɓe na sake ɗaurewa. Malam Habu da ɗan sandan suna zaune a gaba, mataimakan suna tsaye suna matse rigunansu. Wasu mata da suka fake a gindin gawon suna kallonmu. Wani mai keke ya wuce, ya waiwayo, ya ƙara sauri. Duka-duka bai fi rabin sa'a ba.

Da muka iso makarantar rana ba ta faɗi ba, amma filin ya cika. Mai keken ya riga mu. Isiyaku na tsaye a bakin ƙofa, laka har gwiwa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam Haruna, ina ka shiga?"

Na ce, "Hanyar sama na bi. Fadama ba ta biyuwa."

Ya ce, "Mu ta nan muka biyo."

Baturen zaɓen mazaɓar, wani dattijo mai tabarau, ya sa aka shigo da akwatin aka ajiye a kan tebur. Aka duba lambar igiya, ita ce. Ɗanlami ya ce to ai shi ke nan, a buɗe a ƙirga. Da ya yi shiru da ya fi, don jin bakinsa ya sa mutanen waje suka ɗauki ihu. Wani ya ce mai gidan gona ai ba zai rasa irin wannan igiya da lambarta ba. Baturen ya juyo gare ni.

"Direba, ka tsaya a hanya?"

"Na tsaya, ranka ya daɗe."

"A ina?"

Na faɗa.

"Wani daga gidan ya zo jikin motar?"

"Mai gadi ya kawo mini ruwa."

"An taɓa rufin akwatin?"

"Ni na kwance tampol na kakkaɓe."

Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, kuma kowace amsa sai ta ƙara nutsar da ni. Malam Habu ya rantse, ɗan sanda ya rantse, amma su a idon jama'a mutanen gwamnati ne. Baturen ya tambayi Isiyaku ko zai sa hannu in an ƙirga. Ya ce, "Ranka ya daɗe, lambar ita ce, ban musa ba. Amma tun daga mararraba idona bai ga akwatin nan ba. Mutanena sun turo ni in gani ne. Me zan koma in ce musu na gani?"

Samari suka fara jijjiga tagogi. Baturen ya ce a ware akwatin Kukar Bawa a kai hedikwata. Bayan kwana biyu aka sanar an soke shi. Ba a sake zaɓe a garin ba, wai tazarar da ke tsakanin 'yan takarar ta fi yawan mutanen ƙauyen, ko an ƙirga ba abin da zai canza. Ba a taɓa buɗe shi ba.

Na yi fushi, ba zan ɓoye muku ba. Na yi ta yawo ina cewa Isiyaku ya ci mutuncina a banza, ni da na ceci akwatinsu daga laka. Na je wurin Alhaji Ɗan'azumi, lokacin ya tsufa ya daina fita, na zayyana masa komai don ya ce ina da gaskiya. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Tuƙinka ba kuskure. Da ni ne ma nan zan bi, nan zan tsaya. Amma Haruna, ni ɗaukar hatsi na koya maka." Sannan ya sa aka kawo mini fura.

Shekarar nan ita ce mafi muni a sana'ata. A tasha mutanen yankin Kukar Bawa sai su tsaya a rana su jira motar da ke bayana. Wata rana wata mata ta riga ta ɗora buhunta, wani ya raɗa mata magana, ta sa aka sauke. Aka laƙaba wa motata suna, motar gidan gona. Wanda ya fi ci mini rai shi ne yaran ɗan takarar nan mai gidan gonar, wanda shi ya ci zaɓen, in sun gan ni sai su ɗaga hannu suna cewa, "Namu! Baba Haruna namu!" Zagin waɗancan ya fi mini sauƙi a kan wannan gaisuwa. Na bar layin na koma na Gagarawa. Malam Habu kuwa bai sake karɓar aikin zaɓe ba har ya yi ritaya.

Sai bayan shekara biyu muka haɗu da Isiyaku, a kasuwar Maigatari, wajen 'yan tumaki. Na so in kauce, ya riga ya miƙo hannu. Muka gaisa, muka koma gefe. Na ce masa, "Isiyaku, tsakaninka da Allah, ka yarda na taɓa akwatin nan?"

Ya ce, "Ban taɓa cewa ka taɓa ba. Har a raina ban zarge ka ba, na san halinka."

Na ce, "To me ya hana ka sa hannu?"

Ya ce, "Malam Haruna, ba halinka aka aike ni in shaida ba. In na sa hannu a kan abin da ban gani ba don na yarda da kai, gobe wani zai sa hannu don ya yarda da ɓarawo. Kuma kada ka zaci ban yi asara ba. Ƙuri'ar uwata na ciki."

A nan fushina ya mutu, kunya ta maye gurbinsa. Shekara biyu ina ganin ni aka zalunta, ban taɓa zama na lissafa mutanen da suka wuni a layi cikin zafin nan ba.

Daga nan na canza yadda nake wannan aiki, kuma shi nake so ku riƙe. Kayan zaɓe masu shi suna da yawa, kuma ba su yarda da juna ba, don haka isa lafiya kawai ba ta wadatar, sai kowa ya ga yadda aka isa. Hanyar da aka bi da safe ita za a bi da yamma, in za a canza a tsaya a faɗa wa kowa. In wakilai na bayanka a kan babur, kada ƙurarka ta fi nisan idonsu. In ka duba madubi ba ka gan su ba, tsaya, ko a tsakiyar rairayi ne. Sau uku na kafe saboda haka, na tona da shebur ina da furfura, wakilai na tura mota suna yi mini dariya, kuma ban yi nadamar ko ɗaya ba. Kafin ka tsaya bugun iska ko fitsari, ɗaga kai ka dubi ƙofar gidan wa kake. Yanzu an kawo na'urori, ana ɗaukar hoton sakamako da waya, ana cewa komai ya yi sauƙi. To madalla. Amma har yau akwati a bayan mota yake tafiya, kuma mutum ne ke tuƙa ta.

Da babban zaɓe ya zagayo, na je da kaina na roƙi shugaban tasha ya sa ni a Kukar Bawa. Ya dube ni ya ce, "Baba Haruna, ka tabbata?" Na ce na tabbata. A raina ina ganin in na kai musu akwati na dawo da shi a gaban idonsu, an wanke abin da ya faru.

Mun isa da wuri. Gindin kukar ba a share ba, kashin awaki ne ko'ina. Mai unguwa ya fito ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo tebur da ruwan sha, bai ce mini komai a kan wancan karon ba. Isiyaku da Ɗanlami suna nan, su suka fara jefawa. Bayansu mutane suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya. Ba layi. Mata na wucewa zuwa rijiya da tuluna, su dubi akwatin, su ɗauke kai. Maza na zaune a bakin masallaci suna hira kamar ba abin da ake yi a garin. Isiyaku ya zagaya gida-gida har sau biyu, ya dawo shi kaɗai, ya zauna yana kallon ƙasa.

Bayan azahar na kasa zama. Na tambayi gidan Baba Tanko, aka nuna mini. Na ce in shi ya fito, wataƙila sauran su biyo. Na same shi a zaure kwance a kan buzu, ya ƙara ramewa, amma hankalinsa garau. Na yi sallama na durƙusa, na faɗi ko ni wane ne.

Ya ce, "Na gane ka. Kai ne direban."

Na ba shi labarin duka, mararraba da gawo da tampol, ban rage komai ba. Na ce kuskurena ne, ba na kowa ba, ya yafe mini. Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni ban riƙe ka ba."

Na ce, "To Baba, ga akwati can an sake kawowa. Yau a gabanku za a ƙirga, ba inda zai je. In ka yarda, ni da kaina zan ɗora ka a amalanke in ja ka har wurin."

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Yaro, ni ai na riga na jefa tawa. Da hannuna na saka ta, kana tsaye kana gani. Ku je ku ƙirga waccan tukuna, ku zo ku gaya mini, sai in ba ku wata."

Na miƙe. Na yi masa sallama na fito.

Da la'asar aka zazzage akwatin a kan tebur a gindin kuka, aka ƙirga a fili, ba a ɗauki lokaci ba don ba yawa. Wakilai suka sa hannu. Na kai shi lafiya, suna bayana tun daga garin har makaranta.

Baba Tanko ya rasu da damina a wannan shekarar. Sau ɗaya ya jefa ƙuri'a a duniya, kuma ni na ɗauke ta.